Ɗaki ɗaya mai bandaki da kicin a ciki: yanda hayar wani matashi ta kaya a ƙaramin gari

Mutane da yawa suna ɗauka kama haya a ƙaramin gari abu ne mai sauƙi, wai ai kuɗin ba yawa, kowa ya san kowa, ba dillalin da zai wuni yana yawo da kai lungu-lungu. Eh akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba ce. Lamarin da zan warware a nan na wani matashi ne da muke aiki tare, aka tura shi reshen ma'aikatarmu a wani ƙaramin gari, ya kama ɗaki ɗaya irin wanda bandaki da ɗan kicin duk suna ciki, ya zauna har kuɗinsa na shekara ya ƙare, kuma kusan duk abun da ya same shi ni yake kira ya faɗa wa, wani lokaci neman shawara yake wani lokaci kuma kawai so yake ya huce. Ba zan faɗi sunansa ba, haka na garin da na mai gidan, tunda ba tonon silili na zo yi ba.

Abu na farko da ya ci karo da shi shi ne irin ɗakin da yake nema ba shi da yawa a wurin. A babban birni in ɗaki bai maka ba sai ka juya ka tafi, gobe a nuna maka wasu goma. A ƙaramin gari galibi gidajen na iyali ne, ɗakunan hayar kuma yawanci bandaki ɗaya ake haɗawa, wanda yake da komai nasa a ciki kuma babu kowa a lokacin ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, kuma babu wanda ya taɓa saka su a intanet, sai dai wani ya san wani. Shi ma ta hannun wani dattijo da ya daɗe a ofishin ya samu, dattijon ya san mai gidan tun suna samari. Duk da haka ranar da za a je ganin ɗakin sai ga dillali ya ɓullo da makulli a hannu, kuma la'adarsa sai da aka biya, wannan kam ko ina haka take.

Kuɗin hayar in aka raba shi wata-wata bai kai kashi 20 cikin 100 na albashinsa ba, shi ya sa ya ji kamar ya tsinci dami a kala. Ya taɓa jin ana cewa kada kuɗin muhalli ya wuce kashi 30 na abun da mutum ke samu, toh tunda yana ƙasa da haka ai shikenan. Wannan kashi 30 ɗin da ake ta yawo da shi dama daga Amurka ya fito, dokar gidajen gwamnati ce ta 1969 ta ce kada mai haya ya biya sama da kashi 25 na abun da yake samu, a 1981 aka ɗaga zuwa 30, daga nan ya bazu duniya kamar wata ƙa'ida. Ba laifi a matsayin ma'auni, amma masu amfani da shi da kyau suna haɗawa har da wuta da ruwa, shi kuma kuɗin ɗakin kawai ya lissafa. Ga kuma biyan farko da ya zo masa a dunƙule, mai gida ya ce shekara yake so gaba ɗaya, ga kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna, ga la'ada, ga katifa da labule da fanka da sabon kwaɗo, kafin ya kwana ɗaya a ɗakin ɗan abun da ya tara ya kusa ƙarewa, wanda ke nufin ko da ya ga matsala daga baya ba shi da kuɗin da zai tashi ya koma wani wuri. Ku riƙe wannan, don shi ne ya ɗaure shi a duk abun da ya biyo baya.

Ganin ɗakin kuwa da rana tsaka aka yi, lokacin rani, ƙasa a bushe ƙamas. Sabon fenti, tayil mai sheƙi, ƙofar ƙarfe, taga ɗaya. Ya tsaya a tsakiya ya dudduba ya ce ya yi masa. Bai zagaya bayan ginin ba, bai tambayi ina mitar wuta take ba, bai buɗe famfo ya bar shi ya zuba na ɗan lokaci ba, bai leƙa ta tagar ya ga me ke ƙarƙashinta ba. Amma ya yi abu biyu da suka cece shi daga baya ba tare da ya san zai buƙace su ba. Na ɗaya ya ɗauki bidiyon ɗakin gaba ɗaya da waya, dama don ya tura wa mahaifiyarsa ta gani ne, sai kuma ya tura wa yaron da ke kula da gidan ta WhatsApp yana tambayarsa wani tsagu da ya gani a kusurwa. Na biyu bai ba dillali kuɗin a hannu ba, ta banki ya tura kai tsaye zuwa asusun mai gidan kuma ya rubuta a wurin bayani cewa kuɗin hayar shekara ne da na ajiya.

Maganar takarda ma ya ɗan taɓa ta da mai gidan. Ya ce, "Baba, ko za mu ɗan rubuta wani abu kowa ya riƙe?"

Tsohon ya yi dariya ya ce, "Haba ɗana, ni da kai sai takarda? Wanda ya kawo ka ɗan'uwana ne, ka ɗauka a gidan mahaifinka kake."

Kunya ta kama shi ya yi shiru. Kuma a nan ina so a fahimce ni, tsohon nan ba macuci ba ne, har zuciyarsa ya faɗi maganar. Mutane suna ganin takarda don maganin mayaudari ake yin ta, alhali mafi yawan rigimar haya tsakanin mutanen kirki biyu take tashi, kowa ya tafi da abun da ya fahimta a ransa, bayan wata takwas kowa ya tuna maganar yanda ta fi masa daɗi. A ƙaramin gari abun ya fi tsanani don wanda za ka yi jayayya da shi gobe za ka haɗu da shi a hanya, kuma abokin shugabanka ne a wurin aiki, don haka duk abun da ba a rubuta ba ranar farko da wuya bakinka ya iya ɗago shi daga baya.

Matsala ta farko wuta ce, kuma ita ta fi cin kuɗinsa. Ƙarshen watan farko yaron gida ya zo karɓar kuɗin wuta, sai a lokacin ya san ashe mita ɗaya ce gidan gaba ɗaya, ƙofa biyar, kuma raba daidai ake yi kowace ƙofa kaso ɗaya. Da ya kira ni na ce ya zauna mu yi lissafi don abun ba wuya. Yunit ɗaya na wuta shi ne abu mai ƙarfin wat 1000 ya yi aiki na awa ɗaya, kuma kusan kowane kayan wuta an rubuta ƙarfinsa a jikinsa. Fankarsa wat 60 ce, in ta yi awa 10 ta sha 0.6 kenan. Ƙwai uku masu wat 9 na awa 5 ba su kai 0.2 ba. Laftof na 'yan awanni shi ma wajen haka, cajin waya kuwa ba ma a saka shi a lissafi. Duka-duka bai cika yunit 1 a rana ba, wajen 30 a wata, tunda wuni yake a ofis kuma da gas yake girki. Maƙwabcinsa na jikin bango kuwa da murhun lantarki suke girki, irin mai wat 1500, awa 2 kawai a rana yunit 3 ne, 90 a wata, ba a zo kan hitar dafa ruwan wanka da dutsen guga ba, a ɗaya ƙofar kuma akwai babban firiza da ba a kashe shi. Duk abun da ke zafafa abu shi ke cin wuta, fitila da fanka ba komai ba ne a kansa. Ga kuma injin jan ruwa na gidan a kan mitar, mai ƙarfin doki ɗaya, wajen wat 746 kenan. Wato dai yaron nan kowane wata yana biyan ninkin abun da ya sha har fiye da sau biyu.

Toh lissafi ya fito, amma faɗin sa fa? Ya yi wa yaron gida maganar a hankali, kafin kwana biyu labari ya zagaye gidan har ya fita waje cewa wai sabon yaron nan ya ce maƙwabta na cin kuɗinsa, matar maƙwabcin ta daina amsa gaisuwarsa, har a ofis wani ya tare shi da maganar cikin wasa. Mai gida da aka kai masa ya ce shi tun da ya gina gidan haka ake yi kuma ba wanda ya taɓa ƙorafi, in ya sa wa mutum ɗaya mita sai kowa ya ce a sa masa. A ƙarshe abun da aka tsaya a kai shi ne ya sayi ƙaramar mita da kuɗinsa, mai gyaran wuta ya ɗaura ta a kan layin ɗakinsa, farkon kowane wata shi da yaron gida su karanta lambar tare ya ɗauki hoto, ya biya abun da ya sha sannan ya ƙara kasonsa na injin ruwa da fitilar waje. Kuɗin wutarsa ya faɗo sosai, cikin 'yan watanni mitar ta mayar da kuɗinta. Sai dai ba wanda ya ce uffan kan mitar ta waye in ya tashi, za mu dawo kanta.

Warin bandaki bai daɗe ba aka gane shi, don haka ba zan ja shi ba. Ramin da ruwan wanka ke bi ya fita an haɗa shi da bututu miƙe ba tare da lanƙwasar nan da ke riƙe ɗan ruwa ba, ita ce ke toshe iskar masai kada ta dawo ciki. A gida mai ɗakuna da yawa sai ka rufe bandaki ka koma falo, a ɗaki ɗaya kuwa tsakanin matashin kanka da ƙofar bandaki taku uku ne. Mai gyaran famfo ya saka abun cikin awa guda, mai gida ya biya ba gardama.

Na janareta ne ya ba ni tsoro. Duk lokacin da aka ɗauke wuta kuma tanki ya ƙare, yaron gida yana tayar da ƙaramin janareta da daddare don jan ruwa, kuma wurin da ake ajiye shi wani lungu ne daidai ƙarƙashin tagar ɗakin nan, tagar da ita kaɗai ce. Ya fara ce mun yana tashi da ciwon kai da jiri wasu ranakun, yana ɗauka gajiya ce, da na tambaye shi waɗanne ranaku ne sai ya lura ranakun da aka kwana da jan ruwa ne. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar nan mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200, mutum yana barci za ta gama da shi bai farka ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka shawararta ita ce a nisanta janareta aƙalla ƙafa 20, wajen mita 6 kenan, daga taga da ƙofa. Na ce masa wannan ba maganar kunya ba ce, ko yau ka je. Ya bi ta hannun dattijon ofis, kuma gaskiya tsohon da ya ji bayani bai ja ba, washegari aka mayar da injin can ƙarshen fili aka ƙara tsawon waya. Abun lura a nan shi ne maganar da ta shafi rai an gama ta a kwana ɗaya, ta kuɗi ce kullum ke jan lokaci.

Sai ruwan sama ya sauka, a nan ne sabon fentin ya tona asirin kansa. Ƙasan bangon baya ya fara duhu daga ƙasa zuwa wajen gwiwa, fenti ya kumbura yana ɓarewa, wani farin gari kamar gishiri yana fitowa, ɗakin ya ɗauki warin danshi da ko ka fesa turare ba ya tafiya. Ranar da ya janye durowar kayansa ya tarar bayanta ya yi baƙi da fumfuna, takalmansa biyu sun yi kore, jakar da takardun makarantarsa ke ciki tana ƙasa a jingine da bangon, Allah ya taimake shi suna cikin leda. Ya kuma fara tari da toshewar hanci da daddare. Wannan ba abun wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2009 musamman kan danshi da fumfuna a cikin gida, inda ta danganta su da matsalolin numfashi da tsanantar asma.

Da ya kai ƙorafi amsar da ya samu ita ce ai shi ne ke jawowa, yana girki a ciki, yana wanka a ciki, yana shanya a ciki kuma kullum taga a rufe. Kuma fa akwai ƙamshin gaskiya a maganar, don ɗaki ɗaya da ake komai a cikinsa tururi ba shi da inda zai je sai jikin bango mai sanyi, masana suna cewa a riƙe danshin iskar ɗaki ƙasa da kashi 60 in ana so fumfuna kada ta samu wurin zama. Amma danshi iri biyu ne kuma maganinsu daban, mai alhakinsu ma daban. Akwai wanda ke fitowa daga iskar ɗakin ya kwanta a bango, wannan na mai zama ne ya gyara yanda yake zaune. Akwai kuma wanda ke ratsowa ta cikin bangon daga waje ko daga ƙasa, wannan na gini ne, na mai gida. Hanyar banbance su ba ta da tsada, ka yanko leda ka manna a bangon da salatif ka rufe gefenta huɗu ruf, ka bar ta kwana biyu. In raɓa ta kwanta a fuskar da ke kallon ɗaki to daga iskar ɗakin ne, in kuma ka ɓare ka tarar cikinta da bangon sun jiƙe to daga bangon yake fitowa. Ya manna biyu, ɗaya a sama kusa da ƙofar bandaki ɗaya a ƙasan bangon baya. Ta sama ta nuna tururinsa ne. Ta ƙasa kuwa a jiƙe ya same ta ta ciki.

Sai a lokacin ya zagaya bayan ginin, abun da da ya yi shi ranar farko da minti biyu ya ishe shi. Kwanon rufin ba shi da indararo, duk ruwan da ya sauko a gindin bangon yake zuba, ƙasar wurin kuma gangarenta wajen bangon yake maimakon ta kore ruwan, ga bututun da tanki ke amayarwa in ya cika shi ma nan yake zuba. Kuma a jikin bangon ta waje ga tsohon tabon danshi nan layi-layi na shekarun baya, wanda ke nuna ba bana aka fara ba.

Mai gida ya ce a bari ruwa ya ɗauke sai a sake fenti. Fenti kuwa ba ya maganin danshi, rufe shi kawai yake yi har wata daminar, kuma da alama abun da aka yi ta yi kenan duk lokacin da wani ya tashi. Yaron ya yi nasa ɓangaren, ya janye kaya daga bango kamar tsawon tafin hannu, ya ɗora akwatuna a kan katako, yana buɗe taga in yana girki, yana rufe ƙofar bandaki bayan wanka, ya daina shanya a ciki. Sannan ya koma wajen tsohon da shawarar a yi daɓen siminti mai gangare a bayan bangon a kuma karkatar da bututun tankin.

Tsohon ya ce, "Yanzu dai hannuna ba kuɗi ɗana, in kana da hali ka yi, in ka zo sabunta haya sai mu cire a ciki."

Ya samo birkila aka yi, kuma aikin ya yi amfani, bangon bai bushe gaba ɗaya ba amma danshin ya daina hawa. Na ce masa ya tura wa tsohon ko yaron gida saƙo a rubuce da adadin abun da ya kashe da hoton rasit ɗin siminti, ya tura, aka amsa masa da "toh madalla". Abun da ba wanda ya yi tunani a kai a cikin maganar tsohon shi ne kalmar sabuntawa. In bai sabunta ba fa?

Haka kuwa aka yi. Saura wajen wata ɗaya kuɗinsa ya ƙare aka kammala wasu sababbin ɗakuna kusa da ofis, a bene, kowanne da mitarsa, ya ga gara ya koma can. Ya sanar da yaron gida, yaron ya kai wa tsohon, tsohon ya ji haushi sosai, ya ce shi a saninsa wata uku ake ba da sanarwa kuma ya riga ya sa ran kuɗin sabuntawar a wata hidima da ke gabansa. Tsawon notis abu ne da dokar kowace ƙasa ke da nata tsarin a kai, kuma yarjejeniya kan fayyace shi, su kuwa ba su da yarjejeniyar, kowa da abun da ya saba ji. Daga nan sai komai ya cakuɗe. Tsohon ya ce kuɗin ajiya zai tafi a fentin ɗaki tunda sabo fil ya ba da shi ga shi yanzu bango ya lalace. Kuɗin siminti kuma ya ce cirewa a sabuntawa aka yi magana, ba biya ba. Mita kuma tunda an ɗaura ta a jikin gini ta zama ta gida.

Matashin ya fusata har yana maganar kai ƙara. Ni dai na ce masa ya yi lissafi tukuna, kuɗin da ake magana a kai bai kai albashinsa na wata ba, zirga-zirgar shari'a za ta iya cinye rabinsa, kuma zai ci gaba da zama a garin nan inda duk mai gidan haya ya san ɗan'uwansa, sabon mai gidan da zai koma ma tare suke zama da tsohon da yamma. Ba wai ya bar hakkinsa ba, a'a, hanyar karɓar sa ce ya kamata ya zaɓa da kyau. Abun da ya rage shi ne wanda ya haɗa su tun farko, dattijon ofis, shi ne kowa a cikinsu ke jin nauyinsa.

Aka zauna su huɗu har da yaron gida. Dattijon ya fara da cewa, "Yaya, yaron nan amanar da na kawo maka ce, in an cuce shi ni aka cuta, in shi ya yi ɓarna ni zan biya, don haka a bi abun ɗaya bayan ɗaya." Sai aka ciro bidiyon nan na ranar farko daga wayar yaron gida da kansa, da kwanan wata a jiki, aka tsayar da shi daidai kusurwar da ya tambayi tsagu, ga fentin nan a ƙasan bangon ya riga ya ɗan kumbura tun kafin ya shigo da ko tsinke. Tsohon ya kalla ya yi shiru, sannan ya ce toh wannan ba nasa ba ne. Amma shi ma yaron ba a wanke shi tas ba, kuma daidai ne. Ya fasa tayil ɗaya da silindar gas, ya huda bango wurare da dama don rataye kaya, bangon kicin ya yi baƙi da maiƙo. Akwai tsufan da ɗaki ke yi don kawai an zauna a cikinsa, fenti ya dushe, hannun ƙofa ya saki, wannan kuɗin haya ne ke biyan sa, akwai kuma ɓarnar da mutum ya yi da hannunsa, wannan kuɗin ajiya ne ke biya, kuma rabin rigimar kuɗin ajiya a ko ina a kan inda za a ja layin nan take.

Da an tambaye ni, duk zaman nan rabin shafi ne zai hana shi. Sunan mai gida da na mai haya, ranar shiga da ranar fita, nawa aka biya kuma nawa ne na ajiya a ciki, me ake cirewa a ajiyar kuma cikin kwana nawa ake mayar da sauran, yanda ake raba wuta da ruwa, wane gyara ne na mai gida wanne ne na mai haya, abun da mai haya ya saka da kuɗinsa zai tafi da shi ko za a biya shi, da tsawon sanarwa in ɗaya zai rabu da ɗaya, shaida ɗaya ko biyu su sa hannu. Kuma akwai yanda ake neman ta ba tare da an ɓata wa babba rai ba, ka ce wurin aiki ne suke buƙata ko ka ce saboda halin rai, don in mai gida ya faɗi magadansa ba su san alkawarin da ya yi maka da baki ba. Da ma dattijon da ya kawo shi ne ya nemi a rubuta tun ranar farko da tsohon bai ƙi ba.

Abun da aka yanke shi ne a cire kuɗin tayil da toshe hudojin da fentin kicin kawai daga ajiya a ba shi sauran. Kuɗin siminti aka raba biyu, dattijon ya ce gyaran ya zauna wa gida amma shi ma yaron ya ci moriyarsa rabin damina kuma bai ba da sanarwa da wuri ba, ni a ganina an ɗan danne shi a nan don daɓen zai yi shekaru yana amfanar ginin, amma ya karɓa. Kuɗin ma ba a lokaci ɗaya suka fito ba, kashi biyu aka ba shi, na biyun sai da sabon mai haya ya shiga ya biya.

Mita kuwa tsohon ya haƙura ya ce ya cire abunsa tunda rasit ɗin da sunansa yake. Bai ma kai ga cirewa ba, wata malama da ke ƙofa ta uku, wadda ita ma fanka da fitila kawai take da su kuma ta daɗe tana biyan kason firizar wani ba ta ce komai ba, ta aiko ƙaninta ya tambaye shi nawa zai sayar, mai gyaran wuta ya zo ya mayar da ita kan layin ɗakinta a ranar da yake kwashe kaya.